Idan doka ta yi harshen damo, maganar hukuma za a bi ko ta alƙali?

Aminu Ɗalibin Lauya:
Assalamu alaikum. Tambayata ga lauyoyin zauren nan ne da iyayenmu da suka yi aikin gwamnati. Majalisa ta yi doka, ta damƙa wa wata hukuma aiwatar da ita. Sai aka tarar da wata jimla a ciki mai harshen damo. Hukuma ta ce ga abin da ake nufi, ta kama aiki da shi, wanda abin ya taɓa kuma ya garzaya kotu. Shin dole alƙali ya bi fahimtar hukumar muddin ba ta kauce wa hankali ba, ko shi zai zauna ya fitar da tasa? A Amurka shekara 40 ana bin ta farko, sai ranar 28 ga Yuni 2024 Kotun Ƙoli ta rushe ta. Ni a ganina kotun ta yi daidai, amma ina so in ji ta bakin manya.

Barista Hauwa:
Wa alaikumus salam Aminu. Bari in ɗan shimfiɗa asalin abin don waɗanda ba su bi labarin ba.

Ƙa'idar da aka rushe sunanta Chevron, daga shari'ar da aka yanke a 1984. Dokar tsaftace iska ta Amurka ta ce duk wanda zai kafa sabuwar “majiyar hayaƙi”, ko ya yi wa tsohuwa gyara, a yankin da iskarsa ta riga ta gurɓace, sai ya nemi izini mai tsauri. To mece ce majiya? Kowane bututu da kowace tukunyar wuta a cikin masana'anta, ko masana'antar gaba ɗayanta? A 1981, zamanin Shugaba Reagan, hukumar kare muhalli ta ce a ɗauki masana'anta a dunƙule. Wato za ka iya ƙara injin da ke fitar da hayaƙi a wannan ɓangare, in dai ka rage a wancan, jimilla ba ta ƙaru ba, ba sai ka nemi izinin ba. Masu fafutukar muhalli suka kai ƙara, suka yi nasara a kotun ɗaukaka ƙara, amma Kotun Ƙoli ta juya hukuncin. Mai shari'a John Paul Stevens ya kafa matakai biyu. Alƙali ya fara dubawa ko majalisa ta yi magana ƙarara a kan batun. In ta yi, magana ta ƙare. In kuwa ta yi shiru ko ta bar abin a dunƙule, to alƙali ya bi fassarar hukuma matuƙar tana cikin hankali, ko da shi da kansa yana ganin akwai wadda ta fi ta.

Wannan “ko da” ɗin shi ne dukkan rigimar.

Aminu Ɗalibin Lauya:
Daidai nan ya tsaya mini a wuya, Barista. Alƙali ya ga fassara mafi inganci, ya ajiye ta, ya ɗauki ta ɗaya daga cikin masu shari'a a gabansa.

Barista Hauwa:
Shi ne abin da wasu masunta suka kai kuka a kai, a shari'ar da ta rushe Chevron a 2024. Masu kamun kifin herin ne a gaɓar New Jersey. Dokar kamun kifi ta 1976 ta ba hukuma damar sa mai sa ido a cikin jirgin masunta, ya riƙa lissafa abin da aka kama. A wurare uku dokar ta faɗa a fili cewa masu jirgi ne za su biya shi, amma ba ta ambaci masu herin na tekun Atlantika ba. A 2020 hukumar ta fitar da ƙa'ida cewa su ma su biya, kuɗin da ita kanta ta ƙiyasta zai kai dala 710 a rana, ya kuma iya cinye kusan kashi 20 cikin ɗari na abin da jirgi ke samu. Ƙananan kotuna suka ba hukuma gaskiya. A Kotun Ƙoli, Alƙalin Alƙalai John Roberts ya rubuta hukuncin masu rinjaye, shida da uku. Hujjarsa dokar tafiyar da hukumomi ta 1946, wadda ta ce kotun da ke duba aikin hukuma ita za ta warware duk wata tambaya ta doka. Ya kuma koma ga shari'ar Marbury ta 1803, inda aka ce faɗin mece ce doka aikin kotu ne.

Dokta Rabi:
Ni ba lauya ba ce, harkar magunguna na karanta, kuma ta nan nake kallon abin. Ban yarda kotun ta yi daidai ba, Aminu. Ka karanta abin da mai shari'a Elena Kagan ta rubuta a madadin marasa rinjaye. Ta kawo tambayoyin da suka taɓa zuwa gaban kotu a zahiri. Dokar lafiya ta ba hukumar magunguna ikon kula da “furotin”. To yaushe ne sarƙar amino asid, wato ƙananan sinadaran da ake gina furotin da su, take cika furotin? Wata dokar ta ce a maido da “shirun asali” a kwazazzabon Grand Canyon saboda ƙarar jiragen sama. Wane ma'auni ne shirun, kuma awa nawa a rana? Waɗannan a takarda tambayoyin doka ne, amma wanda zai amsa su sai ya san ɗakin gwaje-gwaje. Alƙalin da rabonsa da kimiyya tun sakandare zai buɗe ƙamus ya yanke hukunci a kan maganin da mutane za su sha, alhali ga mutanen da suka shekara 20 suna wannan aikin.

Sannan hukuma ɗaya ce ga ƙasa duka. Kotunan tarayya na matakin farko a Amurka 94 ne, na ɗaukaka ƙara 13. Gobe wannan ta ce furotin ne, waccan ta ce ba shi ba ne. Kamfanin da ke sayar da magani a jihohi 50 wa zai bi?

Alhaji Na Kwari:
Dokta, Allah ya ƙara ilimi. Ku da kuke maganar gwanaye, ku zo ku ji ta bakin wanda gwanayen suka taɓa. Na yi odar kaya bisa kuɗin shigowa da kowa ya sani, na biya, kaya suka hau ruwa. Suna kan hanya wata hukuma ta fitar da takardar umarni cewa irin wannan kaya yanzu a wani rukuni suke. Dokar ba ta canza ba, majalisa ba ta zauna ba, wani ne kawai a ofis ya sake karanta layi ɗaya. Kaya suka iso, aka ce sai na cika. Na je ofis da tsohuwar takarda a hannuna, jami'in ko kallonta bai yi ba, ya nuna mini sabuwa a liƙe a bango da salatif, ya ce daga sama ta zo. Kullum kuɗin ajiya yana hawa. Na biya don ba ni da yadda zan yi. Wanda zai karɓi kuɗin shi ne ya fassara dokar da ta ce nawa zai karɓa. Ai ba a ba kura ajiyar nama.

Dokta Rabi:
Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Abin da aka yi maka zalunci ne, ban musa ba. Amma ko a ƙarƙashin Chevron ba kowace takarda ce ake bi ba. Barista ta gyara mini in na kauce.

Barista Hauwa:
Ba ki kauce ba. A 2001 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke shari'ar Mead, kuma a kan kwastan ne ma. Kamfani ne mai shigo da littattafan tsara ayyukan rana, shekaru ba ya biyan komai a kansu, sai kwastan ta rubuto wasiƙa ta mayar da su wani rukuni mai haraji. Kotu ta ce irin wannan wasiƙa ba ta da ƙarfin doka, domin ofisoshin kwastan da yawa suna fitar da dubbai irinta duk shekara ba tare da an saurari jama'a ba. Chevron tana aiki ne a kan ƙa'idar da majalisa ta ba hukuma ikon yi da ƙarfin doka, galibi wadda aka buga daftarinta, jama'a suka yi sharhi, hukuma ta amsa. Takardar da aka liƙa wa Alhaji a bango ko a can ba za ta samu wannan matsayi ba.

Kawu Isa:
Na yi shiru ina karantawa. Na yi aikin gwamnati har na ajiye, kuma ina so yaranmu lauyoyi su fahimci abu ɗaya. Majalisa ba mantuwa take yi ba idan ta bar jimla a dunƙule. Sau da yawa 'yan majalisar sun kasa daidaitawa ne, sai su zaɓi kalmar da kowane ɓangare zai koma mazaɓarsa ya ce ya yi nasara. Wani lokaci kuma abin da ake tambaya a kai ko ƙirƙiro shi ba a yi ba ranar da aka sa hannu. Doka ta iso teburinka ranar Litinin, mutane suna layi a waje, kowa yana son amsa yau. Ba za ka ce musu su je su dawo bayan shekara biyar idan kotu ta yi magana ba. Dole ka fassara. Duk ma'aikacin da ya taɓa sa hannu a fayil ya fassara doka, ko ya sani ko bai sani ba.

Kuma ku tuna, shugaban hukuma yana ƙarƙashin wanda aka zaɓa. In ya ɓata, a kira shi gaban kwamiti, a rage masa kasafi, a sauke shi, ko jama'a su kayar da gwamnatin. Alƙalin tarayya a Amurka har mutuwa yake kan kujera. In tambayar ta siyasa ce sanye da rigar doka, gara wanda za a iya tuhuma ya amsa ta. Stevens ma abin da ya dogara da shi ke nan a 1984.

Sadiya daga Maryland:
Kawu, ina gaisuwa. Wannan tuhumar da ka ambata ita ce ta zame mana matsala a nan. Duk shekara huɗu ko takwas doka ɗaya sai ta canza ma'ana ba tare da an taɓa ko harafi ba. Dubi batun intanet. Hukumar sadarwa ta ce a 2015 kamfanonin intanet suna ƙarƙashin ƙa'idoji masu tsauri irin na kamfanin waya, ba su da ikon fifita wani shafi a kan wani. A 2017 sabuwar gwamnati ta ce a'a. A 2024 aka sake cewa e. Dokar kuwa tana nan yadda aka gyara ta tun 1996. Sai a Janairun 2025 wata kotun ɗaukaka ƙara ta dogara da hukuncin da ya rushe Chevron ta ce ga ma'anar dokar, ta soke ƙa'idar. Ni ina cikin waɗanda suka so ƙa'idar ta tsaya, amma aƙalla yanzu an san inda aka dosa, kuma an san majalisa za a je wa.

Abin da ya fi damuna shi ne baƙi. A shari'ar Brand X ta 2005 kotu ta ce ko da alƙalai sun riga sun fassara doka, hukuma tana iya zuwa daga baya da tata, kuma tata za a bi in dai jimlar mai harshen damo ce. Akwai wani baƙo da ya nemi takardar zama bisa hukuncin kotun yankinsa, sai hukumar ɗaukaka ƙarar shige da fice ta yi amfani da tata fassarar ta ce bai cancanta ba. Neil Gorsuch, wanda daga baya ya zama alƙalin Kotun Ƙoli, lokacin yana kotun ɗaukaka ƙara, shi ya rubuta hukuncin a 2016 cewa ba za a ɗora masa sabuwar fassarar a kan abin da ya riga ya yi ba, ya kuma ƙara da dogon rubutu yana sukar Chevron. Wanda ya san fargabar jiran takarda a ƙasar nan ba zai ɗauki wannan da wasa ba. Af, mahaifiyar Gorsuch ɗin ce shugabar hukumar muhalli a 1981 lokacin da aka yi ƙa'idar da ta haifi Chevron.

Aminu Ɗalibin Lauya:
Anti Sadiya, ashe ke nan da farko masu son a sassauta wa kamfanoni ne suka ci moriyarta?

Sadiya daga Maryland:
Ƙwarai. Mai shari'a Antonin Scalia na Kotun Ƙoli yana cikin manyan masu kare ta a shekarun farko. Duk wanda ke riƙe da fadar shugaban ƙasa yana sonta, wanda ke waje yana ƙinta.

Malam Tukur:
Salamu alaikum. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da rarrabe fatawa da hukunci, har Imam Ƙarafi, Bamalike na Masar, ya yi littafi sukutum a kan bambancinsu. Mufti yana bayyana abin da ya fahimta daga nassi, nauyin maganarsa gwargwadon iliminsa da hujjarsa, amma ba ta lazimtar wanda bai gamsu ba. Alƙali kuwa idan ya yanke, hukuncinsa yana ɗauke saɓani a kan wannan shari'ar. Ina ganin kamar abin da kotun Amurka ta yi shi ne ta mayar da hukuma matsayin mufti, a saurare ta da girmamawa, amma yankewa na alƙali ne. Ko na fahimta, Barista?

Barista Hauwa:
Allah ya gafarta Malam, ka kusa sosai. Akwai tsohuwar shari'a ta 1944, Skidmore, wadda Roberts ya ce tana nan daram. Ma'aikatan kashe gobara ne na wani kamfanin nama a Texas, suna kwana a wurin aiki suna jiran ƙararrawa, suka nemi a biya su awannin jiran. Kotu ta ce ra'ayin jami'in ƙwadago ba ya ɗaure alƙali, amma yana da nauyi gwargwadon zurfin binciken da aka yi, da ingancin hujja, da ko hukumar ta tsaya a kan magana ɗaya tun da can. Don haka Dokta, gwanayenki ba a kore su daga kotu ba. Za su zo su yi bayani, sai dai yanzu dole su gamsar. Kuma inda majalisa ta ce a fili hukuma ce za ta fayyace kalma kaza, ko ta ce hukuma ta yi abin da ta ga ya dace, alƙali zai mutunta wannan, aikinsa ya duba ko an tsallake iyaka. Tsofaffin hukunce-hukuncen da aka gina a kan Chevron ma kotu ta ce ba su rushe haka kawai ba.

Inda kwatancen Malam ya ɗan gaza shi ne mufti ba ya rufe shago. Hukuma tana fassarawa kuma tana da kwaɗo a hannu. Kafin alƙali ya yi magana, fatawarta ce ke aiki a kanka.

Dokta Rabi:
Na ji, amma ban sauka ba. Ku duba abin da ya biyo baya kwana uku kacal, ranar 1 ga Yuli 2024. A shari'ar Corner Post kotun ta ce wa'adin shekara shida na ƙalubalantar ƙa'ida yana farawa ne daga ranar da ta cutar da mai ƙara, ba daga ranar da aka yi ta ba. Ke nan a buɗe sabon kamfani yau, gobe ya kai ƙarar ƙa'idar da ta shekara 30. Wa ke da kuɗin wannan? Ba masunci ba, ba baƙon Sadiya ba. Masuntan nan ma ƙungiyoyin lauyoyi masu adawa da ƙa'idojin gwamnati ne suka ɗauki shari'arsu. Wanda zai fi cin riba shi ne mai masana'antar da aka hana zuba guba a kogi, domin shi ke da lauyoyin da za su zaɓi kotun da za ta saurare su. Mutanen da ke shan ruwan kogin ba su da kowa sai hukumar nan da ake rage wa ƙarfi.

Aminu Ɗalibin Lauya:
Wannan ta shige ni, Dokta. To Barista, mu a Najeriya ina muka tsaya?

Barista Hauwa:
Mu ba mu taɓa ɗaukar Chevron ba. Sashe na 6 na tsarin mulkin 1999 ya damƙa ikon shari'a ga kotuna, kuma ƙa'ida ko jagorar da hukuma ta fitar ba ta iya wuce dokar da ta haife ta. Misalin da kowa a zauren nan ya ji a jikinsa shi ne canjin kuɗi. Sashe na 20(3) na dokar Babban Banki ta 2007 ya ce kafin a janye takardar kuɗi sai an ba da sanarwa ta lokaci mai ma'ana, bai faɗi kwana nawa ba. An sanar a ƙarshen Oktoban 2022, aka sa wa'adin 31 ga Janairu, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara. Ranar 3 ga Maris 2023 Kotun Ƙoli ta ce ba a cika sharaɗin sanarwar ba, tsofaffin 200 da 500 da 1000 su ci gaba da yawo har ƙarshen shekara. Kotun ba ta ce bankin ya fi ta sanin harkar kuɗi don haka ta sallama ba.

Kawu Isa:
'Yata, kawo ɗaya misalin ma. Na'urar tantance katin zaɓe ta 2015. Hukumar zaɓe ta sa ta a jagorarta don a rage aringizon ƙuri'a, abu mai kyau. A shari'ar gwamnan Ribas a 2016 Kotun Ƙoli ta ce jagora ba ta ture rajistar masu zaɓe da doka ta ambata. Sai a dokar zaɓe ta 2022 majalisa ta shigar da na'urar cikin doka. Shekara shida, har da babban zaɓe guda a tsakani. Wannan shi ne farashin jiran majalisa, kuma talaka ne ya biya.

Barista Hauwa:
Gaskiya ne Kawu, an biya. Amma da ta shiga doka, ba wani shugaban hukuma da zai wayi gari ya cire ta da takarda ɗaya. Ni nan na tsaya, kuma na san Dokta ba za ta biyo ni ba.

Dokta Rabi:
Ba zan biyo ba. A kan haraji da hukunci da korar baƙo, ina tare da ku, alƙali ya yanke. A kan adadin gubar da jikin yaro zai iya ɗauka, ina so majalisa ta rubuta ƙarara cewa hukuma ce za ta faɗa, kuma alƙalai su girmama hakan.

Alhaji Na Kwari:
To Barista, in irin tawa ta sake faruwa, me zan yi? Odar bana tana hanya.

Barista Hauwa:
Alhaji, ka nemi kwafin takardar, kada ka tsaya ga ta bango. Ka sa a rubuta musu a tambaye su sashen dokar da suka dogara da shi da ranar da umarnin ya fara aiki. In dole ka biya don kaya su fita, ka biya tare da wasiƙar cewa ba ka amince ba, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Ka ga lauya a makon, domin dokar kare jami'an gwamnati wata uku kawai ta bayar a shigar da ƙara, kuma dokokin hukumomi da yawa suna neman a ba su sanarwa kafin a kai su kotu. Ƙarar hukumar tarayya Babbar Kotun Tarayya ake kai ta. In akwai wasu 'yan kasuwar da takardar ta shafa, ku haɗu ta ƙungiyarku ku ɗauki lauya ɗaya, kuɗin zai yi muku sauƙi.